Kundin aiki: sauya bututun Luger P08 ta 1917

9 ga Janairu

Bindigar ta iso shago yau. Luger P08 ce ƙirar kamfanin makamai na DWM da ke Balin, an buga 1917 a saman gidan bututu, wato ƙarfen da bututun ke ɗaure a cikinsa, tana cin harsashi 9x19, bututunta milimita 100, irin wadda sojan ƙasa na Jamus suka fara riƙewa a 1908. Ƙorafin mai ita shi ne a nisan mita 15 harsashi yana faɗa wa takarda a kaikaice, ramin ya fito dogo maimakon zagaye, kuma harbi biyu ba sa sauka wuri ɗaya.

An shigar da ita littafin shago kafin a taɓa komai. A dokar tarayyar Amurka, bindigar da ake kira tsohuwa ita ce wadda aka ƙera a 1898 ko kafin nan. Ta 1917, komai tsufanta, cikakkiyar bindiga ce a idon doka, gyaranta don kuɗi aikin mai lasisi ne, kuma in za ta kwana a shago sai an rubuta ta.

Tambayar farko ita ce ko ya halatta a cire mata bututu ma. Luger ta soja tana ɗauke da cikakkiyar lamba a gaban gangar jiki da ƙarƙashin bututu, sannan alƙaluma biyu na ƙarshe a kan kusan kowane ƙaramin ƙarfe. In duk lambobin sun zo ɗaya kuma launin asali yana nan, a bar kaza cikin gashinta, ko da cikin bututun ya mutu, domin sauya shi zai rushe darajarta har abada. Wannan ba haka take ba. Farantin gefe da gwiwa, wato ƙarfen sama mai lanƙwashewa da ke buɗe bayan bututu ya kulle shi, na wata bindiga ne, kuma an taɓa sake baƙanta ta gaba ɗaya: kunama da makulli da maɓallin kwancewa, waɗanda ya kamata su kasance ruwan ɗorawa mai haske a ƙirar 1917, duk sun koma baƙi, gefunan rubutu sun dushe saboda guga. Bindigar harbi ce, ba ta ajiya ba. An amince a yi aikin da sharaɗi biyu: tsohon bututu zai fita lafiya ya koma hannun mai shi, kuma ba za a buga wa sabon lambar tsohon ko tambarin gwajin Jamus ba.

Gargaɗi ga duk wanda zai kwance Luger: saman bindigar, wato bututu da gidansa da gwiwa, yana iya tashi shi kaɗai bayan an raba shi da gangar jiki, in akwai harsashi a ciki aka danne sakatar da ke gefen hagu, mai riƙe allurar da ke fasa harsashi. A cire magazin, a buɗe gwiwa, a duba mazaunin harsashi da ido da yatsa, sannan a juya maɓallin kwancewa.

11 ga Janairu

Wanka da awo. An goge cikin bututu da burushin tagulla da maganin narkar da jan ƙarfe har tsumma ya daina fitowa shuɗi, domin dattin shekaru yakan sa bututu mai sauran rai ya yi kama da matacce. Wannan bai farfaɗo ba. Daga bakin mazaunin harsashi zuwa kusan milimita 25 tudun tsagogin cikin bututu masu murɗa harsashi ya kusa shafewa, sauran kuma ramuka ne birjik. Wannan aikin tsohon maƙyastin harsashi ne mai sinadarin kulorat, wanda yake barin gishiri a cikin bututu bayan harbi. Gishirin yana jan laima daga iska, mai ba ya narkar da shi, ruwa ne kawai ke fitar da shi, kuma sojan da ke cikin rami ba kullum yake samun ruwan zafi ba.

A ƙarƙashin bututun an buga 8,83, wato faɗin ciki daga tudu zuwa tudu ranar da ya bar masana'anta. Yau fil ɗin awo na 8.95 yana shiga baki ba turjiya. An tura dunƙulen dalma mai laushi daga baya zuwa gaba da sandar tagulla. Da yake tsagogin shida ne, suna fuskantar juna, maikuromita yana kama su daidai. Kwari zuwa kwari ya ba da 9.07, ma'aunin da aka sani kuwa 9.02 ne. Harsashi na milimita 9.01 ba shi da abin da zai kama ya murɗa shi, shi ya sa yake tuntsurawa.

Abin da ya yanke hukunci shi ne kumburi. Kimanin milimita 30 daga baki, tsumma mai tsauri yakan saki farat ɗaya sannan ya sake kamawa, kuma in aka haska ana ganin baƙin zobe a wurin. Daga waje ma yatsa yana jin ɗan tudu. Wani ya taɓa harbi a bayan harsashin da ya maƙale. Da babu wannan, da an yi tunanin rarake bututun a sa masa sabon ciki, yadda ake yi wa Mauser C96 wadda bututunta da gidansa ƙarfe ɗaya ne. Amma bututun Luger siriri ne wajen baki, ƙarfen da ya kumbura kuma ya riga ya miƙe, ba a ɗora gyara a kansa. Sa'ar ita ce na Luger murɗa shi aka yi cikin gidansa, don haka yana fita.

An zuba Cerrosafe, wani ƙarfe mai narkewa da ɗan zafi, a mazaunin harsashi don ɗaukar siffarsa, aka auna bayan awa ɗaya, lokacin da girmansa yake daidai da ramin. Ɗan matakin nan da Georg Luger, mai ƙirar bindigar, ya sa kusa da bakin kwanso don tare iskar albarushi yana nan. Shi ne yake barin zobe a wuyan kwanson da tsofaffin Luger suka harba. Sabon bututu ba zai zo da shi ba, kuma ba a bukatarsa da kwanson tagulla na yanzu.

13 ga Janairu

An yi odar bututu na milimita 100 wanda aka ce a shirye yake, dala 165, da sifana ta musamman ta gidan bututun Luger, dala 120. An cire gwiwa, sakata da sifirinta, da majefin kwanso na gefen dama. An tsayar da gidan bututu a kofi, mahaɗar tana nutse cikin mai mai ratsa tsatsa.

18 ga Janairu

Yana cikin mai. An ɗan ƙwanƙwasa kafaɗar bututun da gudumar tagulla don man ya samu hanya. Sifana ta iso.

21 ga Janairu

Bai fita ba, kuma ga dalili.

Gidan bututun Luger yana da hannaye biyu dogaye a baya inda gwiwa take gudu. Su ne abin da ake tsoro a duk aikin nan. Bututu ana sayen wani, amma hannun da ya karkace ko da kaɗan ne zai sa gwiwa ta riƙa cijewa, kuma da wuya ya koma daidai. Saboda haka ba a taɓa zura ƙarfe tsakaninsu a murɗa, ba a kuma matse su a bayis, wato mamatsin ƙarfe. Sifanar tana rungumar zoben gaba ne kawai, inda tiredi, wato zaren murɗi irin na noti, yake, da gurbi na ɗan ƙarfen da ya fito a ƙasa. An sa takardar tagulla siririya tsakaninta da jikin don kada ta bar tabo.

Matsalar ta fito ta ɓangaren bututu. Jikinsa tsukakke ne, yana sirancewa zuwa baki, tubalan alminiyam da ke bayis ɗin kuwa raminsu miƙaƙƙe ne. Suna kama shi a siririn layi ɗaya kusa da kafaɗa, da aka sa ƙarfi sai bututun ya juya a cikinsu ya bar gogen alminiyam a jiki. Nan take aka tsaya. Ƙara matsi a kan riƙon da bai zauna ba yana iya lotsa bututun, juyawar kuma in ta ci gaba za ta kai gindin saitin gaba ga bayis.

Akwai hanyar da aka saba bi in bututu ya ƙi: a yanka tsagi a kafaɗarsa dab da fuskar gidan, matsin ya saki, ya fito da hannu. Tana aiki, amma tana kashe bututun, mu kuma mun yi alkawarin mayar da shi. Za a yi sababbin tubala.

24 ga Janairu

An feƙe tubalan alminiyam biyu da rami mai bin tsukewar bututun, tsawon riƙo milimita 45, aka bar tazara tsakaninsu don su matse bututu ba junansu ba. Kayan dala 25. An wanke bututu da asiton, aka barbaɗa garin ƙaro, aka ɗaure notuna huɗu a giciye kaɗan-kaɗan. An ɗumama zoben gidan da na'urar hura zafi zuwa kusan digiri 120, nesa da inda ƙarfe ke fara canja launi, wato sama da 200. Sannan bugu ɗaya mai kaifi da guduma a ƙarshen hannun sifana, ba ja a hankali ba, domin jan hankali shi ke sa bututu zamewa. Ya yi ƙara, ya saki. Tiredin hannun dama ne, yana kwancewa yadda noti ke kwancewa.

Tiredin cikin gidan lafiya lau, sai busasshen mai. An auna tazarar hannaye biyu a gaba da tsakiya da baya, daidai take da awon da aka ɗauka kafin a fara. Gwiwa tana zamewa da nauyinta. An goge alminiyam daga tsohon bututu, an shafa masa mai, an naɗe.

29 ga Janairu

Sabon bututu ya iso, kuma zai koma. Zan tsaya a kan dalilin, domin a nan ne yawancin aikin Luger ke lalacewa.

Tiredin bututun Luger faɗinsa milimita 18 ne, zare 20 a inci ɗaya, yankan Whitworth mai kusurwa 55. Zagaye ɗaya cikakke yana shigar da bututu milimita 1.27, digiri ɗaya kuwa kusan 0.0035. Bututun da ya zo a shirye yana da abubuwa uku da aka riga aka yanka: gindin saitin gaba, gurbin ƙugiyar da ke jawo kwanso a sama, da gangarar hawan harsashi a ƙasa. Dole ukun su tsaya a tsaye cak. Ke nan wuri ɗaya tak bututun zai iya tsayawa a kowane zagaye, kuma zurfin shigarsa a wannan wurin tiredi ne ya riga ya yanke shi. Kafaɗa ba ta canja wannan zurfin. Aikinta kawai ta sa bututun ya yi tsauri a daidai lokacin da saiti ya miƙe. Abin da muke so shi ne in aka murɗa da hannu ya tsaya saura digiri 15 zuwa 20, sifana ta ƙarasa.

Wannan da hannu kawai ya wuce tsaye da digiri 30. Kafin kafaɗa ta taɓa ma yana girgiza a cikin tiredin, gejin zare kuma ya nuna yankan kusurwa 60 aka yi masa, an rage faɗin don ya shiga. Ana iya cike gibin da wasa, wato siririn zoben ƙarfe, mai kaurin milimita 0.17, wasu ma suna daddaka kafaɗar ta bazu. Ban yarda da daddakawa ba ko kaɗan: ƙarfen da aka tara da guduma yakan kwanta bayan harbi ɗari biyu ko uku, saiti ya karkata. Hanya mai kyau ita ce a ƙara masa zagaye guda, a yanke fuskar baya 1.27, a sake mazauni da gurbi da gangara. Wannan aikin ya fi kuɗin bututun.

Kafin a yanke shawara an tsayar da shi a tsaye da wasa ta wucin gadi aka gwada gejin auna zurfin mazaunin harsashi. Harsashi 9x19 yana tsayawa ne da bakin kwansonsa a kan mataki a cikin mazauni. Gejin shiga, mai rubutun GO, milimita 19.15 ne, gejin hani, mai NO-GO, 19.71. Gwiwa ta rufe a kan na biyun ba wata turjiya. Mazauni ya yi zurfi fiye da ƙima, kuma ƙarfen da aka cire ba ya dawowa. Mai sayarwa ya karɓa, an yi asarar dala 18 ta aikawa.

3 ga Fabrairu

An yi odar wani daga wani maƙeri, dala 240, da sharaɗin a bar mazauni gajere da kafaɗa mai kauri. An yi hayar rima, wato ƙarfen yanka mazaunin harsashi, dala 55.

12 ga Fabrairu

Na biyu ya iso. Tsagogi shida, murɗin dama, zagaye ɗaya a milimita 250, dalma ta ba da 9.02. Tiredi ya shiga da ɗan tauri tun daga farko har ƙarshe, ba girgiza. Da hannu ya tsaya saura digiri 52. An auna wannan da faifan digiri da aka manna a bakin bututu, gidan yana kwance a kan dutsen awo.

Lissafi: daga 52 zuwa 20 saura 32, a ninka da 0.0035, ya ba da milimita 0.11 da za a ɗebe daga kafaɗa. An ɗora shi a injin feƙa tsakanin tsini biyu don yankan ya bi ramin ciki, ba jikin waje ba. Ba a ɗebe 0.11 a tashi ɗaya ba. Ana cire 0.03, a sauke, a wanke, a gwada, domin ɓurɓushi ɗaya a kan kafaɗa yana iya cin digiri biyar ya yaudari mai awo. An tsaya a 20 cif. An shafa shuɗin alama a fuskar gidan aka murɗa, ya kama kafaɗar zagaye gaba ɗaya, ba gefe ɗaya ba. Fuskar gidan ba a taɓa ta ba kuma ba za a taɓa ba. Duk abin da za a rage, a jikin sabon ƙarfe za a rage shi, don tsohon bututu ya iya komawa mazauninsa in an so.

14 ga Fabrairu

Ɗaurin gwaji, da ɗan man hana cijewa a tiredi. An kai shi tsaye ana duba ƙaramin ma'aunin ruwa a kan gindin saiti da wani a kan hannayen gidan. Tubalan da aka yi wa tsohon sun kama sabon, tsukewarsu ɗaya.

Abu biyu suka fito. Na farko, gurbin ƙugiya ya yi ƙunci. Ƙugiyar Luger tana saman toshiyar baya, ƙarfen da ke rufe gindin harsashi, in akwai harsashi takan ɗaga har a ga rubutun GELADEN, wato an ɗura harsashi, a gefenta. Da aka rufe gwiwa a hankali sai ta tsaya saura kaɗan ta kwanta, shuɗin alama ya nuna ƙugiyar tana gogar bangon hagu na gurbin. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Kullewar Luger gaba ɗaya ta dogara ne a kan mahaɗar gwiwa ta sauka ɗan ƙasa da layin fil biyu na gaba da baya. In ta tsaya sama da layin, bindigar ba a kulle take ba, ko da ido yana ganin kamar ta rufe. Da aka cire ƙugiya gwiwa ta kwanta sarai, wanda ya tabbatar fuskar bututun ba ta yi tsawo ba.

Na biyu, gangarar bututu ta ɗan leƙo bisa ta gidan, farce yana kama leɓen. Hancin harsashi zai yi tuntuɓe a nan.

An sake kwance shi. An buɗe gurbin da ƙaramin magagari kusan 0.15 ta hagu, aka bi da dutse. An kwantar da leɓen gangara da dutse mai zagaye da takardar yashi 400 sannan 600. Iyakar gyaran a leɓen ne kawai. Duk wanda ya zurfafa gangara cikin mazauni ya bar gindin kwanso ba madogara, a nan kwanso yake kumbura ko ya fashe. Bayan wannan ɗauri da kwancewa, da hannu yanzu yana tsayawa saura digiri 14. Kowane ɗauri yana cin wani abu daga kafaɗa, shi ya sa aka bar 20 tun farko, kuma ɗauri na gaba shi ne na ƙarshe.

An buga 9mm Luger da shekarar aiki a ƙasan bututun, inda lambar asali take zama a tsohon.

17 ga Fabrairu

An fara baƙantawa ta hanyar tsatsa, yadda DWM suke yi a lokacin. An goge jiki zuwa yashi 320 kawai. In ya yi sheƙi fiye da haka maganin ba ya kamawa. Wanka da asiton, safar hannu daga nan har ƙarshe. Ana shafa magani siriri da auduga a ja ɗaya, a rataye har jar tsatsa mai laushi ta rufe shi, a tafasa minti 15 a tataccen ruwa irin na batir, jar ta koma baƙa, a kakkaɓe ƙurar da burushin waya mai laushi wanda aka wanke wa mai. Ba a toshe bututun ba, toshiya takan yi tsalle a ruwan zafi. Ana busar da ciki da tsumma bayan kowace tafasa. Maganin dala 30.

Iskar shago a bushe take saboda na'urar ɗumama ɗaki, awa shida ba tsatsar kirki. An haɗa akwati da kwano na ruwan ɗumi da ƙwan fitila, ta fara fitowa cikin awa uku.

20 ga Fabrairu

Bayan zagaye na uku wani farin zane ya bayyana daga gurbin saitin gaba ya gangaro gefen dama. Man yanka ne da ya ɓuya a kusurwar gurbin, zafin tafasa ya fito da shi, inda ya bi kuma magani ba ya zama. Asiton bai kai can ba. Ƙarin zagaye ba ya rufe irin wannan, sai dai zanen ya ƙara fitowa yayin da kewayensa ke duhu. An mayar da bututun fari da 320, aka tafasa shi a ruwan sodar wanki rabin awa, aka ɗauraye, aka sake daga farko.

26 ga Fabrairu

Zagaye bakwai, launi ya daina ƙaruwa. Baƙi mai ɗan shuɗi, ba sheƙi. An jiƙa shi da mai ya kwana. Ya fi gidan kyau, domin gidan baƙin gishirin zafi ne na wanda ya sake shi a baya, amma bambancin sai a rana ake gani.

1 ga Maris

Ɗaurin ƙarshe, da takarda ɗaya da garin ƙaro tsakanin tubala da sabon launi. Ya tsaya tsaye, ba tabo. An ja ɗan layin shaida a ƙasan kafaɗa daidai da wanda ke jikin gidan.

Sai mazauni. An cire allura da ƙugiya daga toshiya don kada sifirinsu ya ɓoye abin da hannu ke ji. Da gejin shiga gwiwa ta tsaya a sama, kamar yadda aka nema. Rima ta shiga ta baya tsakanin hannaye da doguwar mariƙa, da hannu, da man yanka mai yawa. Juyi biyu ko uku zuwa dama, a zaro tana juyawa dama, ba a taɓa mayar da ita baya, a wanke mazauni da rima, a gwada. Jimlar abin da aka ɗebe kusan 0.25. An tsaya a lokacin da gwiwa ta kwanta a kan gejin shiga da nauyin yatsa ɗaya. Tsakanin geji biyun akwai fiye da rabin milimita, fili ne babba, kuma na fi son zama kusa da ƙasansa: da aka manna takardar ƙarfe ta 0.05 a gindin geji ta rufe, da ta 0.10 ta ƙi. Gejin hani ya bar gwiwa a tsaye nesa.

Harsasan gwaji marasa albarushi guda takwas sun hau sun fita da hannu. An shigar da sabon saitin gaba, dala 25, an rage gindinsa da magagari har ya shiga rabi da yatsa, sauran da sandar tagulla.

6 ga Maris

Filin harbi. Harbin farko an ɗaure bindigar a mariƙa an ja kunama da igiya daga bayan shinge, domin a nan babu gidan gwajin gwamnati kamar na Ulm ko Suhl, inda a Jamus dole sabon bututu ya je kafin a yi amfani da shi. Harsashi mai nauyin giren 124, wato kusan giram 8, ƙarfi na yau da kullum. Mai alamar +P, wato mai ƙarin ƙarfi, ba ya shiga bindigar da ta haura shekara ɗari. Kwanso ya fito sumul, ba kumburi a gindi, maƙyasti bai baje ba, faɗinsa sama da gindi bai wuce na sabo da abin damuwa ba. Daga nan harsashi ɗaya a magazin, sannan biyu don a tabbatar ba ta sakin biyu a ja ɗaya, sannan takwas.

Ramuka zagaye suke, tuntsurawa ta ƙare. Amma aiki bai yi daidai ba. A cikin harbi 50, sau shida gwiwa ta dawo ta tarar harsashi bai gama tasowa ba, ta daki cikinsa, kuma ba ta tsaya a buɗe ba bayan na ƙarshe. Duka a ƙarshen magazin suke faruwa. Wannan ba laifin bututu ba ne. Gwiwar Luger tana zuwa ta dawo da sauri ƙwarai, magazin kuma a kwance yake sosai, harsasai suna gogar bango, don haka sifirin da ya gaji ba ya cim mata. Magazin ɗin mai gindin katako ne na zamanin yaƙin farko, leɓensa ya ɗan buɗe. Ba za a lanƙwasa shi ba, a ajiye shi tare da tsohon bututu. An kuma lura bayan gangar jiki yana da sabon sheƙi inda gwiwa ke duka, alamar babban sifirin da ke mayar da gwiwa ya yi laushi. Sabon bututu yana riƙe iskar da tsohon yake zubarwa, bugun baya ya ƙaru. An tsayar da harbi.

8 ga Maris

An sa sabon babban sifirin mai ƙarfin asali, dala 12. An yi odar magazin ƙirar kamfanin Mec-Gar, dala 40.

15 ga Maris

Harbi 100 da sabon magazin, ba cijewa ko ɗaya, gwiwa tana tsayawa a buɗe bayan na ƙarshe. An gwada giren 115 mai sauƙi, sau biyu kwanso ya maƙale a tsaye don gwiwa ba ta kai ƙarshen tafiyarta ba. An rubuta wa mai ita ya tsaya a kan 124 mai zagayen hanci, mai tsawo kusa da milimita 29.5, domin gajeren harsashi yakan nutsa da kai a magazin ɗin Luger.

Daga kan jakar yashi a mita 25, harbi biyar suna taruwa cikin milimita 70, amma tsakiyarsu ta karkata hagu da kusan 75. Tazarar saiti biyu kimanin milimita 200 ce, don haka 75 sau 200 a raba da 25,000 ya ba da 0.6. An tura saitin gaba hagu da wannan adadi, harbi ya dawo tsakiya. Tana bugawa sama da kusan tafin hannu, wanda ba baƙon abu ba ne ga P08. Mai ita zai zaɓa ko a sa saiti mai tsawo.

An duba layin shaida, bai motsa ba. Geji biyu sun ba da abin da suka ba da ranar 1 ga wata.

Kuɗin kaya: bututu 240, asarar aikawa 18, sifana 120, tubala 25, hayar rima 55, maganin baƙantawa 30, saiti 25, sifirin 12, magazin 40, harsasai 60. Jimla dala 625. Sifana ta shago ce, ba ta cikin lissafin mai bindiga, nasa 505 ban da ladan aiki. An rubuta masa takarda mai bayanin cewa bututun sabo ne, da ranar sawa da awon mazauni, ta riƙa bin bindigar duk inda ta je.

Abin da ya rage: ta dawo bayan harbi 300 a sake duba layin shaida da geji da bayan gangar jiki. Mariƙin katako na hagu ya tsage a kusurwar da ke ƙarƙashin makulli, inda na Luger suka saba karyewa, za a liƙe shi a wannan zuwan. Allurar kuma irin ta farko ce marar tsagogi a gaba. An ba da shawarar a sa mai tsagogi ta shekarun 1930 don harbi, wadda ke ba iska hanya in maƙyasti ya huje, a ajiye ta asalin a jaka ɗaya da tsohon bututu da magazin.